Yarinya Ta Bakwai

Duk layin an san Anti Tela da abu biyu: ɗinkinta ba ya kwancewa, bakinta kuma ya fi almakashinta kaifi. Shekara ashirin da ɗaya tana cikin shago ɗaya, da keke biyu, da fanka mai kuka, da wani dogon benci a jikin bango. Bencin nan ba na masu kawo ɗinki ba ne, su a tsaye take sallamarsu. Na 'ya'yan mutane ne: wanda aka koro daga makaranta, wadda ta yi faɗa da uwarta, wanda gida ya yi wa zafi. Ba ta taɓa tambayar ɗayansu me ya kawo shi ba. Sai ta miƙa masa reza da tsohuwar riga ta ce, "Farke min wannan, kada ka yanka min yadi." Hannu na aiki, ido na kan zare, can sai baki ya buɗe da kansa. Ita kuwa tana ta taka keke kamar ba ta ji, kuma abin da aka faɗa a bencin nan a nan yake mutuwa.

Da aka gina cibiyar matasa a ƙarshen layin, kowa ya ɗauka ita za a damƙa wa. Kwamiti ya ce sai mai digiri. Aka kawo wani saurayi mai jakar kwamfuta, ya yi wata biyar yana gadin kujeru, ya ƙara gaba. Aka sake zama, aka sake cewa sai mai digiri. Anti Tela ta zage su tas, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta je ta yanki fom. Tana da shekara arba'in da shida ta shiga jami'a, karatun ƙarshen mako, fannin raya al'umma da aikin matasa. Ba son boko ne ya kai ta ba, haushi ne.

Ranar farko ta yi abokin gaba. Shugaban aji, wani yaro mai gyararren gemu da turare kamar ya yi wanka da shi, ya tare ta a bakin ƙofa.

"Kaka, ofishin iyaye yana ƙasa."

Ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Wanda ya ɗinka maka wandon nan ba ya ƙaunarka."

Aji ya kwashe da dariya, shi kuma ya riƙe abin. Shekara uku in an sauya lokacin lacca kowa zai ji ban da ita. Sunan Kaka kuwa ya bi ta har cikin ofisoshin malamai.

Sai kuma Dakta, mai duba aikinta na ƙarshe. Mutumin da yake koyar da matakai bakwai na sauraron matashi a majigi, amma bai taɓa barin ɗalibi ya kai ƙarshen magana ba. Wata rana ta ɗaga hannu ta ce, "Dakta, yaushe rabonka da zama da yaron da ba naka ba?" Ya gyara tabarau ya ce, "Hajiya, daɗewa a shago ba hujja ba ce. In kin san wani abu, kawo min shi a rubuce." Ta tsane shi, shi ma bai ɓoye nasa ba.

Da lokacin bincike ya zo, ta raba wa yaran bencinta takardun tambayoyi guda talatin kamar yadda aka ce. Yara suka dubi takarda, suka dube ta, suka cike ko'ina da lafiya lau. Dakta ya shafa shafi biyu ya turo mata tarkacenta.

"Shekara uku kina cika mana baki da shekara ashirin ɗinki. Ashe iyakar abin da kika sani ke nan?"

Maganar nan ta ci mata rai fiye da duk wadda aka taɓa yaɓa mata. Ta koma shago ta ture ɗinkin mutane gefe, ta kwana huɗu tana rubuta abin da kunnenta ya ji a bencin nan. Yara goma sha biyu. Ƙa'ida ta ce a cire sunaye, ta cire, ta sa musu lamba. Sai dai idon tela ba ya barin awo. Ta cire suna, ta bar duk abin da ake gane mutum da shi.

Yarinya ta bakwai shekararta goma sha biyar, 'yar wani direban kamfani. An sallami uban daga aiki wata takwas da suka wuce, amma kullum da safe yakan goge farar rigarsa, ya ɗauki makullai, ya fita. Bayan wani gidan mai yake zuwa ya zauna har yamma. Yarinyar ta gan shi a can ranar da aka tashe su daga makaranta da wuri, suka haɗa ido, kuma daga ranar babu wanda ya tayar da zancen. Uwar ba ta sani ba. Anti Tela ta zuba wannan duka, har da cewa yana jan ƙafar hagu, har da cewa 'ya'yansa biyar duk mata.

Ranar Asabar Dakta ya shigo aji da aikinta a hannu. Ya ce a yi shiru, yau za su ji yadda ake bincike. Ya buɗe daidai kan yarinya ta bakwai ya karanta da ƙarfi. Gaskiyar magana, daɗi ta ji. Ta gyara zama, ta bi 'yan ajin da kallo ɗaya bayan ɗaya, har ta kai kan shugaban aji. Shi ma ita yake kallo, yana murmushi.

A kan matakala ya same ta.

"Kaka, direban nan mai jan ƙafa, mai 'ya'ya mata biyar. Anya ba mijin yayata ba ne?"

Ba ta taɓa sanin suna da dangantaka ba. Matar da ba ta taɓa ba kowa haƙuri ba, sai ga ta riƙe da hannun rigarsa.

"Don Allah ka rufa wa yarinyar nan asiri. Ni ka yi min duk abin da ka ga dama."

"Ni me na yi? Ke kika rubuta, ni saurare kawai na yi." Ya zare hannunta daga rigarsa. "Kuma yayata ce. So kike in bar ta a duhu don ki ji daɗi?"

Magana zarar bunu ce. Kafin la'asar yayar ta ji, kafin Litinin layi ya ɗauka. Maƙwabta suka ji hayaniya a gidan direba, daga nan ba a ƙara ganin farar rigar nan da safe ba. Yaran benci kuwa ba wawaye ba ne. Kowa ya zauna yana tunanin shi ne na nawa, kuma babu wanda ya sake leƙo shagon. Takardar kwamiti ta iso a makon, wai da zarar sakamako ya fito ta zo ta karɓi cibiya. Ta tura ta ƙarƙashin yadi, ko sake dubanta ba ta yi ba.

Ranar Alhamis bayan an tashi daga makaranta 'yar direban ta zo. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a baya, ba ta yi sallama ba.

"Shigo ki zauna," in ji Anti Tela.

"A nan ma ya isa."

"Ban sa sunanki ba. Wallahi ban sa ba."

"Na sani. Kawu ya ce lamba kika sa min." Muryarta ko rawa ba ta yi. "Babana ya tara mu ya ce mutum ɗaya ne ya gan shi a wurin nan. Bai dake ni ba. Tun ranar dai ko gaishe shi na yi ba ya amsawa."

Kunya ta rufe Anti Tela, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da take.

"Anti, maki nawa aka ba ki?"

Ta so ta yi ƙarya, ta kasa. "Saba'in da takwas."

Yarinyar ta gyaɗa kai a hankali, ta gyara igiyar jakarta.

"Da kin tambaye ni, da na ba ki labaraina na kaina, ina da su da yawa. Wannan ba nawa ba ne, Anti. Na babana ne, ajiya na kawo miki."

Ta juya ta bi layi, ba ta waiwayo ba.