Dutsen Tsohuwar Gada

Daga ɗakin gilashin tafintoci, Solange tana kallon wani dattijo da ya zo ba da shaida gaban kwamitin sufuri na majalisa. Kwat ta matse shi, ɗanyen tabo ya ratsa goshinsa. Ƙila direban bas ne.

Minista yana cewa tsohuwar gadar da duwatsunta ke faɗowa kan titi kayan tarihi ce, ba za a rushe ta ba.

Dattijon ya zaro guntun dutse daga aljihu, ya maka shi kusa da makirfo. Ƙarar ta soki kunnuwa, 'yan majalisa suka fizge na'urorin saurare.

"Ranka ya daɗe, ga tarihinka. Daga ƙoƙon kan jikata likita ya ciro shi."

Solange ta matso da makirfonta, ta buɗe baki za ta fassara.