Sarkin Girka da Angon Iya

A gidanmu na Gumel, in an sauke tuwon dare ba a kashe murhu. Iya, kakata ta wajen uba, takan jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu jikoki mu kewaye ta muna ture-ture. Mace ce mai barkwanci, Gizo ma a bakinta ya fi na kowa iya shege. Amma akwai labari guda da in ta ɗauko shi ba ta dariya. A bakin marigayi kakanmu ta ji shi, malami ne mai karance-karancen tarihi, ita kuma ta zuba masa nata gishirin.

Wai Sarkin Girka, saurayi ne ma, ya taso da runduna mai dogayen masu yana cin gari bayan gari har gabas mai nisa. In ya ci ƙasa sai ya kafa sabon birni, ya laƙaba masa sunansa, ya yi filin kokawa da dandalin wasa da makaranta. Mai son muƙami ko rumfa a kasuwa kuwa, dole bakinsa ya iya yarensu.

To, akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane da jikanta. Iyayen yaron suka kai shi sabon birni wai ya zama mutum. Ya dawo da 'yar guntuwar riga, jiki sharkaf da mai, har suna an canza masa. In tsohuwa ta yi masa magana sai ya juya ya kalli uwarsa. Sarki ya mutu da ƙuruciyarsa, sarakunan yaƙinsa suka yayyaga ƙasar, amma yaren ya zauna daram. Tsohuwa ta rasu ba wanda ya ɗauki waƙar da take yi in tana gini.

Mu dai sai mu hau ja wa sarkin Allah ya isa. Iya ta buga mafici a ƙasa ta ce, "Ku ƙyale sarki, shi yaƙi ya sani. Wa ya kama hannun yaron ya kai shi?"

Yanzu a unguwar Taman Melati, can ƙasar mutanen Malay, nake zaune, maigidana yana digiri na uku. A nan ɗanmu Haidar ya buɗe ido. Malamar makarantarsu ta ce yare da yawa zai rikita shi, a riƙa yi masa Turanci a gida. Baban Haidar ya karɓa hannu bibbiyu, ya kafa mana doka. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Abin da ya fi ƙona min rai, in sun zauna shan shayi da 'yan'uwanmu Hausawa a mamak, wato gidan mai shayi na nan, sai ya ce ai Haidar ba ya jin Hausa, yana washe baki kamar an ba shi kujerar Makka. Yaron nan yana zuba yaren Malay da abokansa kamar ɗan gari, bai rikice ba. Namu ne kaɗai mai rikitarwa, ka ji rainin hankali.

Ranar ƙaramar Sallah aka haɗa mu da Iya ta waya mai hoto. Ta tsufa tukuf, amma tsokanar na nan. Tana ganin Haidar ta ce, "Angona, ka gudu ka bar ni, ko ka yi wata a can ne?" Ta kasa kunne tana jiran ramuwa. Kowane yaro a Gumel ya san yadda ake mayarwa: ya ce ya sake ta, me zai yi da tsohuwa mai haƙori ɗaya. Haidar ya kalle ni, ya tambaye ni da Turanci ko zai iya tafiya. Iya ta sake gwadawa. Na sunkuya ina raɗa masa amsar a kunne, ya ture ni.

"Ƙyale shi, Hajara," in ji Iya. "Ba a matsa wa baƙo."

Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Baban Haidar ya ce in daina ɗaga hankalina, yaro zai koya in mun koma gida, sai ka ce Iya ta yi masa alkawarin jira. Mutanen garin mai ginin tukwane ko ba komai mashi suka gani a ƙofarsu. Mu ba wanda ya ci mu da yaƙi, da ƙafarmu muka zo, muna kuma alfahari, shi ya sa haushin ya ƙi barina.

Tun ranar Iya ba ta ƙara cewa a ba Haidar waya ba. In mun yi magana takan tambayi lafiyarsa cikin ladabi, ta ce in gaishe shi.