Majanyin Matar Tela

Shekarar da zumuntar matan cocinmu ta fita bishara zuwa wani ƙauye a bayan Doguwa, mu tara muka tashi daga Tudun Wada, da tulunmu na kiɗa da buhun masara. Kowa da abin da ta baro a gida. Shugabarmu ta bar mijinta kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, ta kuma hana mu tayar da maganar. Wata ruwa ya cinye mata shinkafarta kaf. Ni ciwon gwiwa kawai gare ni, amma na fi kowa mita. Ina kewar matan nan har yau.

Wadda na fi tunawa ita ce matar tela, ƙaramarmu. Wata huɗu kafin tafiyar ta haifi ɗa namiji, ya koma tun ba a yi suna ba, kuma shi ne na uku da ya koma haka. Tun daga nan, in an shigo da jariri coci sai ta sauya benci. Muka haɗa baki a bayan idonta cewa kada a bari kowa ya miƙa mata yaro. Ni ce ma na ɗauki gadin.

Gadin banza na yi. Matar mai bisharar ƙauyen tana da jaririya 'yar wata biyu, ga baƙi tara, ga daka. Ina can ina gardama kan gishirin miya, ta ɗauki 'yar ta danƙa wa wadda ta fi kusa da ita, kamar yadda kowace uwa ke yi. Da na juyo sai na ga 'yar a hannun matar tela. Na yunƙura zan karɓe, shugabarmu ta riƙe mini zane.

Matar tela ta daɗe tana kallon 'yar. Can ta buɗe jakarta, wadda na yi ta tsokanarta a hanya ko ƙaura za ta yi da ita, ta zaro majanyi sabo fil, ko ninkinsa bai warware ba. Ba wadda ta tambaye ta na wane ne. Ta goya 'yar da shi.

Kwana uku muna bin gida-gida, muna waƙa, muna duba marasa lafiya, Kirista da Musulmi, 'yar tana bayanta. Shan nono kaɗai ke raba su. A wani gida wata tsohuwa ta yi mata barka, ta tambayi sunan jaririyar. Na buɗe baki zan gyara, ta riga ni: ta faɗi sunan, ta ce aro aka ba ta.

Ranar komawa uwar ta wanke majanyin, ta ninke, ta miƙo mata.

"Bar shi nan, yaya," in ji matar tela. "Ya gaji da zaman jaka."

A mota ni ce kusa da ita, kuma ranar ban ambaci gwiwata ba. Har muka wuce Burumburum, duk ramin da mota ta faɗa, sai in ga hannunta ya tafi baya da sauri zai tallabe goyo.