Littafin Baba Zailani Ya Bar Tafireta

Duk wanda ya taɓa neman takarda a sakatariyar ƙaramar hukuma shekarun baya ya san Baba Zailani, wan mahaifina. Shekara talatin da biyu ya yi yana buga tafireta, kuma har yau in ka zauna da shi minti biyar sai ya gaya maka ba a taɓa dawo masa da wasiƙa ba. Gaskiya ne kuwa. Da ya ga kuskure ɗaya zai zare takardar ya yage, ya sa sabuwa.

Wannan hali ne ya so ya cinye masa littafi. Tun da ya yi ritaya ya zauna a zaurensa na Kusfa yana buga labari mai tsawo da tafireta a kan gidanmu na marina, lokacin da karofi ke ci, ko sunaye bai canza ba. A bakin yayarsa Gwaggo Mairo yake ɗebo labarin, don ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga zamanin. Ta haura tamanin, ba ta yi boko ba, shi kuma burinsa ɗaya ne, ya karanta mata littafin daga farko har ƙarshe tana ji da kunnenta. Shekara shida, babi huɗu. Ni abin haushi yake ba ni, ga Gwaggo kullum jiki ƙara ja yake yi.

Da na sayi sabuwar laftof sai na kai masa tsohuwar. Ya yi ta shafa ta kamar yaro da kayan sallah. Sharaɗi ya kafa mini: ba zai sayi manhaja ba, kuma ba ya son ta sata, wai littafin da aka buɗe da Bismillah ba a rubuta shi da kayan haram. Muka shiga neman ta kyauta. Ta farko sai da intanet take aiki, zauren Baba kuwa sai ka fita bakin titi netwok ke kula ka. Ta biyu talla take cusowa. Yana tsakiyar bayanin yadda ake tsoma zane a rini aka nuno masa man gyaran gashi, mutumin da ko sili babu a kansa. Ta uku, LibreOffice Writer, wani abokin aikina a makarantarmu ta Tudun Jukun ya sa mana. Kyauta ce da gaske, ba ruwanta da data, farin shafi kawai take buɗe maka. Baba ya ce an zo wurin.

Na tafi ina ganin na gama aikina. Bayan mako uku na dawo na tarar da rabin shafi. Na zauna ina kallonsa yana bugawa da yatsu goma, gwanin sha'awa, har ya kai layi na ashirin ya yi tuntuɓe da harafi. Ya yi tsaki, ya danne maɓallin gogewa, bai ɗaga ba sai da shafin ya koma fari tas. Haka yake yi tun ranar da na tafi. Na rasa dariya zan yi ko kuka, kuma laifina ne da ban nuna masa ba.

Na ce ya sake bugawa. Na kai ɗan layin nan mai ƙyaftawa tsakiyar rubutun, na gyara harafi, sannan na cusa jimla guda. Sauran layukan suka matsa ƙasa da kansu.

Baba ya cire tabarau ya goge. "Radiya, sake yi in gani."

Sau uku na yi. A na huɗu ya ƙwace ya yi da hannunsa, ya tashi ko takalmi bai sa ba ya kirawo maƙwabcinsa Malam Hamisu mai ɗinkin hula ya zo ya ga ikon Allah. Makon nan duk wanda ya gitta ta ƙofar zauren sai an nuna masa rubutu mai matsawa.

Wata biyar ya gama babi goma sha ɗaya, har da huɗun farko da ya sake bugawa. Ranar wata Juma'a bayan la'asar muka ɗauki laftof muka nufi ɗakin Gwaggo a Ƙofar Doka. Kafin ya fara karatu sai da ya cika mata baki, ya ce duk inda ta ji ba daidai ba ta tsayar da shi, yanzu ba a yaga komai. Ta tambaya ko da gaske ana iya ƙara abu a tsakiya. Ya rantse mata.

"To buɗa wa Tayyiba wuri," in ji ta. "Tsakanina da kai take."

Baba bai taɓa jin sunan ba. Gwaggo ta ce ƙanwarta ce, shekara uku ta yi a duniya ƙyanda ta ɗauke ta kafin a haife shi, mahaifiyarsu kuma ba ta ƙara ambatar ta ba. Tun babi na ɗaya ta so ta faɗa, amma da ta ga wahalar da shafi ɗaya ke ba shi sai ta ji tausayin yatsunsa.

Ya koma shafi na biyu, inda ya jera 'ya'yan gidan, ya tsaya tsakanin sunanta da nasa.

"Yaya, ina jin ki. Yaya kamanninta?"

"Da kai take kama," in ji Gwaggo, tana dariya tana share ido. "Rubuta."