"Na kullum": kalmar da ta tafi da Buba Mai Shayi

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da labarin rasuwar aminina Buba Mai Shayi ya iso mu, kuma kusan kowace shekara sai na fara wannan rubutu in yage. Ni tela ne, karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron in faɗi abin da ban tabbatar ba in ɗauki alhakin wani. Saboda haka abin da na gani da idona zan ce na gani, abin da aka faɗa min zan ce an faɗa min.

Duk wanda ya zauna a unguwar Dogo Nini ta Potiskum kafin rikicin nan ya san inuwar dogon yaron da ke kusa da babban titi. Nan teburin Buba yake, da bencinsa biyu. Gefensa akwai mai tsire, gaba kaɗan rumfar Madam Ngozi, wadda farfesun kayan cikinta ke sa mutum gumi ko da sanyi ake yi. Da rana matan Fulani su sauke ƙoren fura da nono. Direbobin Kano zuwa Maiduguri kan tsaya, ranar kasuwar shanu kuwa sai ka sha shayinka a tsaye. Mu 'yan unguwa nan ce majalisarmu, nan ake jin wa aka yi wa haihuwa, wa ke kwance asibiti.

Buba mutumin wani ƙauye ne a bayan Gadaka, da girmansa ya koyi Hausa, a wajen wani mai shayi a tasha. Ya riƙa jin ubangidansa yana ce wa manyan mutane "Na kullum?" sai ya ɗauka gaisuwar girmamawa ce. Da ya kafa nasa teburin, duk wanda ya zauna, ko yau ya fara taka Potiskum, sai ya ce masa, "Na kullum?" Baƙo ya yi turus, mu kuma mu fashe da dariya.

Wanda ya fi kowa tsokanarsa shi ne Alhaji Garba dillalin shanu. Ya kan ce, "Kai Buba, mutumin nan yanzu ya sauko daga mota, ina ka san na kullum ɗinsa?"

Buba ya ce, "Alhaji, ƙyale ni. Yau ya fara, gobe ya zama kullum."

Alhajin ne ma ya laƙaba masa suna Na Kullum, har ya bi shi.

Sai garin ya rikice. Aka sa dokar hana fita, aka hana hawa babur, mutane suka daina kiran sunan masu kai hari, sai dai a ce "yaran nan". Mai tsire ya tattara ya tafi. Buba ya ci gaba da fitowa da safe, don da teburin yake ciyar da gidansa.

Wata safiya ina zaune a bencin, wasu samari biyu da ban taɓa gani ba suka zo. Buba ya ce musu, "Na kullum?" Ɗayansu ya ce shayi da burodi. Suka sha suka tafi. Wannan na gani da idona. Bayan 'yan kwanaki aka yi harbe-harbe a cikin gari, aka ce ɗaya daga cikin gawarwakin maharan ta ɗayan samarin nan ce. Aka bi 'yan unguwa da tambayoyi. Ba a jima ba aka zo da mota aka tafi da Buba, tukunyar ruwansa tana kan wuta.

Wani da ya taimaka mana da bin sawu ya faɗa min dalili. An kai rahoto cewa Buba ya san samarin, har ya san irin shayin da suke sha, don an ji ya ce musu "na kullum". To, ba wanda ya ji wannan magana sai mu da ke kan benci. Ban san wanda ya kai ta ba, kuma ba zan yi zato ba, ko da yake zuciyata ta sha kawo min fuskoki ina korarsu da istigfari.

Mutumin ya ce in dattawan unguwa suka taru suka shaida cewa haka Buba yake ce wa kowa, wataƙila a saurare su. Na bi su gida gida. Wasu suka ce suna da iyali, kuma ban ga laifinsu sosai ba. Amma Alhaji Garba ya dube ni ya ce, "Malam Tela, ni fa ban taɓa lura da yadda yake magana ba. Shayi nake zuwa sha."

Da ya ce min tsoro yake ji, da na riƙe hannunsa mun yi kuka tare. Wannan "ban lura ba" ita ce har yau ta kasa wuce min.

Mutum ɗaya ce ta bi ni, Madam Ngozi. Ta ɗaura zani ta ce, "Oga Tela, mu je. Ni ma ranar da na zo garin nan haka ya ce min." Ba a bar mu mun wuce bakin ƙofar wurin da ake tsare da Buba ba. Ba da daɗewa ba ita ma ta koma garinsu tare da sauran 'yan kudu da suka tashi.

Bayan watanni wani da aka sako ya zo ya gaya wa matar Buba cewa mijinta ya yi ciwo a can ya rasu. 'Yan majalisa suka zo ta'aziyya, suka yi addu'a, suka ci abincin sadaka. Ina ji wani ya ce, "Allah dai shi ya san zuciyar kowa," sauran suka gyaɗa kai.

Yanzu wajen ya sake cika. Keke napep na sauke mutane, an buɗe gidan kallon ƙwallo da shagon lemo mai sanyi, tsire ya dawo. Wani mai shayi ne a inuwar, amma bencin na Buba ne, na san ƙusoshin da ya buga masa. Kwanan baya ina wucewa na ji wani dattijo cikin 'yan tsohuwar majalisarmu ya ce wa mai shayin, "Na kullum!" duk suka yi dariya. Ashe sun lura. Nakan tambayi kaina me Buba zai yi da ya ga haka. Abin da ke ƙara ɓata min rai shi ne na san amsar: zai ɗauraye kofi ya zuba musu, ya ƙara wa Alhaji madara yadda yake so.

Abin da ya rage na Buba shi ne wannan benci, da ɗansa Idi, wanda yanzu ya zama magidanci. Ya taso yana jin ana ce masa ɗan mai shayin yaran nan. Bana ya zo shagona ya zauna ya ce, "Baba Tela, don Allah ka faɗa min gaskiya, babana ya san su?" Na rantse masa bai san su ba. Ya ce, "Kai kaɗai ne kake faɗin haka."

Shi ya sa na juyo gare ku, masu karatu. Makwabta sun ƙi magana, saura baƙi. In kai direba ne, ko mai fataucin shanu, ko fasinjan da motarsa ta taɓa tsayawa a Dogo Nini, ka zauna sau ɗaya tak a teburin wani mai shayi siriri mai gurguwar Hausa, ya tarbe ka da "Na kullum?" alhali bai taɓa ganinka ba, ina roƙonka don Allah ka sanar da wannan jarida. In wani ya san inda Madam Ngozi take, shi ma ya taimaka. Ba ƙara za mu kai ba, ba kuma sunan kowa nake nema ba. So nake Idi ya ji daga bakin wani da ba ni ba.