Abokin Ƙarfen Malam Nata'ala

Yayana Malam Nata'ala mutum ne da in ka ce masa ina kwana, sai ya duba fuskarka tukuna kafin ya ce lafiya. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, amma tun muna yara a Aujara bai taɓa karɓar abu a yadda aka miƙa masa ba. Gidanmu gidan malamai ne, kuma shi kaɗai Baba ya taɓa kora daga zauren karatu saboda yawan "wa ya ce?" Da ya yi boko sai Allah ya haɗa shi da aikin da ya dace da halinsa, ofishin rajista, inda kowane fayil sai ya bi ta hannunsa. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka kwaso su daga Kano zuwa Dutse, shi da matarsa Gaji. Ni Muntaka na biyo shi bayan shekara biyu ina koyarwa a firamare, na tare a ɗakin zaurensa. Abin da zan faɗa a gabana aka yi, har da bakina a ciki.

Wajen 1998 zaman kujera da tuwon Gaji suka yi aikinsu. Yaya ya yi tumbi, jini ya hau, likita ya ce ya nemi wurin motsa jiki. Bai yarda ba sai da ya ga likita uku, kowanne bai gaya masa ya ga wani ba. Da bakinsu ya zo ɗaya, sai da ya yi kwana biyu yana tunanin ko sun san juna.

Daga nan aka shiga zaɓen wuri. Filin wasa kyauta ne, ya ce ba a dai gaya masa kuɗin ba tukuna. Wani otal yana da ɗaki mai keken motsa jiki, ya leƙa ya ce murmushin mai tsaron ƙofar ya yi yawa. Na uku shi ne gidan ƙarfen Boaz, wani tsohon soja da ya baro hannunsa na hagu a yaƙin basasa. Rumfar kwano ce a bayan wani mai walda, an zuba siminti a gwangwanaye an soka musu sandar ƙarfe, ga benci biyu, ga tsohuwar rediyo mai kaset. Wurin ba abin kallo ba ne, amma Boaz yana da takardar yarjejeniya, shafi biyu, sharaɗi goma sha biyu. Yaya ya kawo ta gida ya yi mako uku yana karantawa. Gaji ta ce ko aurenta bai bincika haka ba.

A sharaɗi na tara ya maƙale. An rubuta cewa ba a yi wa mutum ɗaya rajista, sai biyu biyu. In ɗaya ya fita, katin ɗayan ya mutu sai ya kawo wani abokin, kuma mai fita sai abokinsa ya sa masa hannu. Boaz bai ɓoye dalili ba. Wani saurayi ne ƙarfe ya taɓa danne wa maƙogwaro, shi kuma da hannu ɗaya ya kasa ɗagawa, da ƙyar mai walda ya cece shi. Tun ranar ya rantse ba mai taɓa ƙarfe a rumfarsa sai da mutum tsaye a kansa.

Ana cikin haka sai ga Mista Dung ya yi mana sallama. Mutumin Filato ne, mai zana taswira a ofishin safiyo, sun san juna da Yaya a sakatariya. Shekara guda kafin nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗan taɓa shi a dama. Ya tashi, amma hannun ya yi nauyi, kuma likita ya ce sai an riƙa ja ana miƙar da shi, in ba haka ba zai sandare. Abokinsa na gidan ƙarfe an yi masa canjin wurin aiki.

"Malam, ba zan ɓoye maka ba," in ji shi. "Da hannun nan nake ciyar da iyalina. In ya ƙi biro, aikina ya ƙare. Kai kana neman aboki, ni ma ina nema. Ka riƙe mini hannu, ni in tsaya maka a kan ƙarfe."

Yana fita Yaya ya juyo ya dube ni.

"Ka ji? Mutum ya zo ya zazzage maka cikinsa ba ka tambaye shi ba. Akwai abin da yake rufewa."

Na ce ai kuwa. Da "ai kuwa" nake samun zaman lafiya a gidan nan.

Duk da haka ya sa hannu, bayan ya ja layi a duk wani fili da aka bari a takardar don kada a ƙara wani abu bayansa. Shekara biyu suka yi, kwana huɗu a mako, bayan La'asar. Na sha raka su don in sha dariya. Ga Yaya da dogon wando da tsohuwar riga, ya kama gwiwar hannun Dung da hannu ɗaya, yana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya da ɗayan, fuska a murtuke kamar mai duba takardar bogi. Sannan ya kwanta a benci, Dung ya tsaya a kansa yana cewa, "Saura biyu, Malam, kada ka ba mu kunya." Tumbi ya sauka, jini ya sauka. Har na taɓa jin Yaya ya yi dariya da ƙarfi a rumfar nan, abin da ko ranar sunan ɗansa bai yi ba.

Amma zargin bai sauka ba. In Angelina matar Dung ta aiko da dankalin turawa daga gida, sai Yaya ya ce me kuma aka yi. Kullum idonsa yana kan hannun. Ya ga Dung ya ɗauki buta da shi, ya ga ya murɗa babur da shi.

"Hannun nan ya warke tun bara," ya ce mini. "Abin tambaya shi ne me ya sa har yanzu yake miƙo mini shi."

Sai shekarar ƙaddamar da Shari'a ta zo. Gaskiya ɗaya ce, ba wanda ya zo ya ce a rufe rumfar Boaz. Shi da kansa ya kwashe rediyon, ya mai da lokacin mata ranar Asabar da safe, ya sa labule. Amma gari ya cika da ƙishin-ƙishin, kowa yana duban maƙwabcinsa ta gefen ido. Wasu baƙi suka tura iyalansu gida su ga yadda abin zai kaya. Dung ma ya tura Angelina da yara, ya zauna shi kaɗai.

A lokacin na je Aujara, wani kawunmu ya tambaye ni, wai da gaske ne ɗan Malam yana ɗaga ƙarfe kamar ɗan dambe. Tambaya ce kawai, har dariya ya yi. Ni ne na dawo da ita da barkono. Ba kishin addini ne ya sa ni ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Shekara talatin ina zaune ana nuna mini tarkon da ban gani ba, sai na so ko sau ɗaya ni ma in riga Yaya gani.

"Yaya, ka lura a littafin rajistar Boaz hotonka da na Dung a shafi ɗaya suke? A irin wannan lokaci, wa ya san hannun da littafin zai faɗa? A gida ma an fara magana."

Idonsa ya yi haske kamar wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema.

"Na faɗa! Sharaɗi na tara igiya ce. Bakinsu ɗaya da Boaz. Sun san wannan rana za ta zo, suna son sunan ɗan malamai a littafinsu ya zama musu garkuwa. Hannun kuwa ƙugiya ce."

Washegari ya rubuta takardar fita, ya yi mata kwafi biyu, ya ja ni shaida. Boaz ya karanta, ya dubi Yaya.

"Malam, haƙƙinka ne. Wata ɗaya, ka dawo da kati, abokinka ya sa hannu, shi ke nan. Amma ka sani ba ni da mutum ko ɗaya a ware. Waɗanda suka rage kowa da nasa, sababbi kuma ba sa zuwa. Da ina da hannu biyu da ban roƙe ka ba."

Yaya ya taɓa ni da gwiwar hannu, wai in ga yadda suka rikice.

Dung bai yi roƙo ba. Ya ajiye gwangwanin simintin da ke hannunsa, ya share zufa.

"Na yi maka wani laifi ne, Malam?"

"Ba ka yi ba."

"To hannun fa?"

"Hannunka lafiyarsa ƙalau, Mista Dung. Ina da ido."

Dung ya dube shi, ya dube ni, ya karɓi biro ya sa hannu tsaf, irin na masu zane. A hanya Yaya sai murna yake yi.

"Ka ga? Hannun ko rawa bai yi ba."

Bai zo masa a rai ba cewa aikin hannunsa ne na shekara biyu yake kallo. Ni ya zo mini, na haɗiye.

Bayan wata guda katin Dung ya mutu. Na ji ya bi mutane a ofis yana neman aboki, kowa ya ce a bari ƙura ta lafa. Har makarantarmu ya zo ya same ni, yana riƙe da hularsa. Na ce masa ina da darasin yamma. Ba ni da wani darasi. Daga nan na riƙa sauya hanya in na hango babur ɗinsa, daga baya ma na daina ganin babur ɗin.

Wata bakwai suka wuce. Ran nan Yaya ya dawo daga aiki da wuri, da fayil a hammata, abin da bai taɓa yi ba. Takardar neman ritaya ce saboda rashin lafiya, da sunan Dung. A ƙasanta wani kwarashe-kwarashe ne kamar kaza ta bi ta kan tawada. Ya ɗauko kwafin takardar fita ya jera su.

"Duba nan! Wannan sa hannun Dung ne? Wani ne yake son kujerarsa a ofishin safiyo, ya ga baƙo ne ba shi da kowa, zai kore shi da takardar bogi. Ba a teburina ba! Tashi mu je."

Ransa ya ɓaci sosai, kuma don Dung ya ɓaci. Ni kuwa na bi bayansa.

Mun tarar da ƙofa a buɗe, an ɗaure katifa, an jera kwalaye. Dung yana zaune a kan ɗaya yana fama da igiya da haƙori da hannun hagu. Na daman yana manne a ƙirjinsa, yatsun a dunƙule. Ya rame. Ya yi mana maraba kamar jiya muka rabu, ya ce mu yi haƙuri ba kujera.

Yaya ya ga hannun sarai, amma hali ya riga shi magana. Ya buɗe fayil.

"Wa ya sa maka hannu a nan?"

"Ni ne, Malam. Takarda huɗu na ɓata kafin wannan ta fito."

Yaya ya tsaya. Sai ya ajiye fayil a ƙasa, a ƙasa fa, ya durƙusa ya kama gwiwar hannun, ya fara neman buɗe ɗan yatsa na farko kamar yadda ya saba. Yatsan ya ƙi. Ya koma na biyu.

"Bari, Malam, da zafi."

"Gobe zan je wurin Boaz. In sake cika takarda. Kwana shida a mako ma in kana so."

"Likita ya ce an makara. Motar kaya za ta zo ranar Alhamis." Ya ɗan yi murmushi. "Abu ɗaya zan roƙe ka. Fayil ɗin nan kada ka tsaya bincike, ka wuce da shi. Ba komai a ƙarƙashinsa."

Ya rako mu bakin ƙofa. Ya miƙo hannun hagu, sai ya tuna da wa yake, ya fara janyewa. Yaya, wanda a gidanmu ko ludayi ba a karɓa daga hagu, ya cafke shi da hannu biyu ya riƙe.

Mun kusa gida kafin ya yi magana, bai ko juyo ba.

"Muntaka, mutanen da ka ce suna magana a Aujara, su wane ne?"

Na ce Kawu ne.

"Shi da wa?"

Na ce shi kaɗai ne, kuma da dariya ya faɗa.

Bai zage ni ba, kuma na so a ce ya zage ni. Ya gyara fayil ɗin a hammatarsa, ya ce in wuce gida, shi zai koma ofis kafin a tashi.