Ranar da Yayana Ya Dawo daga Lahira

A ƙauyenmu na kusa da Simsim kowa yana salla, amma kowa ya san tsamiyar bakin rijiya ba tamu ba ce, ta mutanen ɓoye ce. Inna, mahaifiyarmu, har cewa take kurwar wanda ya mutu nesa da gida a nan take sauka ta huta. Liman ya yi wa'azi har muryarsa ta dushe. Inna ta ce Allah ya saka masa da alheri, ta ci gaba da abinta.

Da yaƙi ya ɓarke a Hartum, yayana yana can yana tuƙin mota. Wani maƙwabcinmu da ya tsero ya rantse ya ga gawarsa a bakin titi, fuska a farfashe, sanye da rigar da Inna ta ɗinka masa, kuma da shi aka tura mata ƙasa. Muka yi zaman makoki, muka yi sadaka. Tun daga nan duk Juma'a sai Inna ta zuba nono a gindin tsamiyar, wai ɗanta ya sha.

Shekara ta zagayo, sai ga kakar riɗi. Ina bakin rijiya da rana tsaka, maza suna dawowa daga yanka da laujensu, wani mutum ya sauko daga lori, ƙashi da rai, ya nufo mu. Ya yi sallama, muryar ta fito ta hanci.

A ƙasar nan akwai abin da ake kira ba'ati, mamacin da ya fasa kabari ya dawo, kuma an ce da hanci yake magana. Wa ya tsaya tambayar ko gindin bindiga ne ya karya masa hancin? Ga rana a tsakar ka, inuwar kowa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Wata mata ta yar da jarka ta kurma ihu: "Ba'ati! Wallahi ba shi da inuwa!"

Kawunmu, ƙanen Inna, shi ya fara ɗirka masa ƙotar lauje a ƙeya.

"Kawu, ni ne!"

"Halas, ya walad, ya isa haka, yaro! Mun yi maka sadaka, koma inda ka fito!"

Suka rufar masa. Sanda, dutse, ƙafa, duk wanda ya samu wuri. Na ji ƙarar haƙarƙarinsa. Ya ɗaga hannun hagu yana kare kai, yadda yake yi tun muna yara in Inna ta ɗauko muciya, a nan na gane shi. Na faɗa kansa ina zagin kowa, babba da yaro. Sandar da aka nufe shi da ita ta karya mini tsintsiyar hannu. Har yau in na tuna garada masu gemu suna dukan mutum saboda tsoro, raina ɓaci yake.

Inna ta ratso su ba ko mayafi. Ta durƙusa, ta dangwali jinin da ke zuba daga goshinsa, ta kai baki.

"Da ɗumi," ta ce. "Da gishiri. Matacce yana jini ne, ya jama'a?"

Ta miƙe ta kwaɗa wa Kawu mari da wannan hannun, jinin ya zauna a kumatunsa. 

Yaya ya yi jinya ya tashi, sai dai kunne ɗaya ya daina ji. Ya ce rigar ƙwace ta aka yi a hanya, kafin a kama shi a tsare.

Juma'ar da ta biyo bayan dukan na ga Inna ta ɗauki ƙwaryar nono ta nufi tsamiya. Na fusata. Na ce, "Yumma, uwata, ga ɗanki a ɗaki yana nishi, wa kuma za ki shayar?"

Ba ta ko waiwayo ba.

"Wanda aka binne da rigata fa? Tun bara nake ba shi, ya saba. Uwarsa tana can tana jiran sallamarsa."